Mutumin da ke Hagun Frau Zauner

Frau Zauner, wato Malama Zauner a Jamusance, ba ta da sauƙin kai. A shekarata ta farko a jami'ar Vienna na kama hayar ɗaki a gidanta, kuma kafin in ajiye akwatina ta karanto min dokoki: ba baƙi, ba soya albasa, ba jan kujera a kan katako. Duk ƙuruciyarta a kantin safar hannu ta ƙare, tana auna yatsun matan masu kuɗi. Ba ta taɓa aure ba. 'Yan'uwanta sun tafi ɗaya bayan ɗaya, sai wata jikar yayarta mai aiko kati lokacin Kirsimeti.

Abu guda take tinƙaho da shi: kujerarta a babban zauren kiɗa. Tikitin shekara ne, tun kafin a haife ni take sabunta shi, kujera ɗaya, safiyar Lahadi. Amma tun shigowar sanyin bana ba ta leƙa ba. Kunnenta ne ya mutu, ita kuma ta kafe cewa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Wata Asabar ta ajiye tikitin a gefen farantina.

"Resi, gobe ke za ki je."

"Ni? Frau Zauner, ni fa 'yar ƙauye ce. Kiɗan da na sani shi ne bushe-bushen da 'yan kwana-kwanan ƙauyenmu ke yi ranar bikin coci."

"Me kika ce?"

"Na ce ban san komai ba!"

"Wannan ai kowa ya sani. Ki zauna, ki kama bakinki, kada ki tafa sai kin ga kowa na tafi. Kuma ki rabu da takalman nan na hawan dutse, kada ki kunyata ni."

Sai ta turo min wani ɗan gwangwanin alawar tari, muryarta ta yi ƙasa. "Akwai wani mutum a hagunki. Dogo, mai sanƙo, yana fama da tari. Ki ba shi ɗaya. Ki ce masa ban mutu ba, kunne ne kawai."

"To, meye sunansa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta shekarunta. "Ina zan sani? Ai ba wanda ya taɓa gabatar da mu."

Da ƙyar na tatsi sauran labarin. Shekara da shekaru suna zama kusa da juna a zauren, kafaɗa na gogar kafaɗa. Su gaisa, ta miƙa masa alawa kafin wurin da kiɗan ke yin ƙasa-ƙasa don kada tarinsa ya dami mutane, in an tashi ya riƙe mata kwat ta zura hannu. Lokacin da matarsa ta daina zuwa, ya bayyana da baƙin laktaye, Frau Zauner ta yi masa ta'aziyya da kalma biyu, ya sunkuyar da kai. Shi ke nan. A garin nan wannan shi ne ladabi. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Na isa da wuri, cikin takalmin aro mai matse min yatsu. Zauren ya cika da farin gashi da ƙamshin turare. Ana gab da farawa wata mata mai jan mayafi ta zo ta zauna a haguna. Na ce a raina ta yi kuskure, yanzu mai wurin zai zo ya tashe ta.

Wani mai busa ya ja sauti guda, dogo siriri, sai duka masu goge suka bi shi, kowa na murɗa nasa. Na ɗauka an fara ke nan, ashe gyara suke yi. Da jagoran makaɗan ya ɗaga hannu, zauren ya yi tsit har na ji ƙugin cikina. Sannan kiɗan ya taso. Ban san sunan rabin kayan ba, amma manyan gogen nan da ake jinginawa a jiki, a ƙirjina na ji su kafin kunnena. Da aka kai gaɓa aka tsaya, ba wanda ya tafa. Sai tari ya ɓarke ko'ina, kowa na sauke wanda ya riƙe. Na kasa kunne ko zan ji na mutumina a ciki, alhali ban taɓa jinsa ba.

Da aka je hutu na tambayi mai jan mayafin. Ta ce ɗazu ta sayi tikitin a ƙofa, an ce mata wani ne ya mayar. Na nufi dattijon da ke nuna wa mutane wurin zama, na tambaye shi labarin mai kujerar.

"Mai tarin nan?" in ji shi. "Rabona da shi tun farkon sanyi. Ni na ɗauka ma tare suka daina zuwa da baiwar Allan nan mai alawa."

"Kun san sunansa?"

"A'a, 'yammata. Ofis ne suka sani, su kuma ba sa faɗa."

Na je ofishin duk da haka. Ba su faɗa ba, cikin ladabi ƙwarai.

Rabi na biyu ya fi daɗi, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba. Mutane maƙil, kowa ya haɗe gwiwoyinsa kada ya taɓa na kusa. Na tuna gida, inda ko akuyar maƙwabci an san sunanta. Wata sarewa ta yi ta kira ita kaɗai a saman sauran, hawaye ya zubo min, na share da sauri kada in dami wani.

Da na koma gida na tarar Frau Zauner ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga kofi, ga kek ɗin tuffa. Har jan baki ta shafa.

"Me ya ce?"

"Bai zo ba."

"Me?"

Dole na ɗaga murya, har maƙwabta na ji. "Bai zo ba! Tun farkon sanyi! An mayar da tikitinsa!"

Ta daɗe tana kallon bakina. Ta gyara cokalin da ba ya buƙatar gyara.

"Wataƙila shi ma kunne ne," na ce da ƙarfi.

Ta tashi ta nufi kwandon tsofaffin jaridun da ke gefen murhu, ta ɗebo su tari guda, ta ture kek ɗin gefe. Ta buɗe ta farko a shafin sanarwar rasuwa, ta ɗora yatsa a sunan da ke sama, ta sauko da shi a hankali har ƙasa. Ta koma sama ta sake saukowa.

"Resi," in ji ta, "ko yana nan ciki, ta yaya zan gane?"