Inna Ramlatu da Shahon Farasan

A Nakkasa, unguwar da ke kan dutse a Makka, ba a tambayar mutum cikakken sunansa, ba a kuma tambayarsa shekarar da ya zo. Duk wanda ya yi maka irin wannan tambaya, ko dai baƙo ne, ko kuwa aiko shi aka yi. Da haka aka raine mu. Har yau in mutum ya cika yi mini murmushi a shagona na unguwar Kudai, sai na saci kallon takalminsa, don mun taso ana cewa 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, suna sauya riga amma ba sa sauya takalmi.

Ni Asma a Makka aka haife ni, kakannina ta Sudan suka biyo, kuma takarduna cif suke. Inna Ramlatu kuwa ko guntuwar takarda ba ta da ita. Daga wani ƙauyen Damagaram ta zo aikin hajji da mijinta, ya rasu a Mina, aka binne shi a nan, ita kuma ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da garin da ya riƙe mata miji ba. Ta yi zamanta. Maƙwabciyar uwata ce, ita ta goya ni, shi ya sa bayan mun sauko Kudai ban daina hawa dutsen ina gaishe ta ba. Burinta ɗaya ne a duniya, kowa kuma ya san shi: a sallace ta a Harami, a binne ta a ƙasar Makka. Likkafaninta ma yana ƙasan akwati, an tsoma shi a zamzam an shanya tun ina yarinya.

Sana'arta sayar da alkama. Takan ƙulla ta a leda ta sauka wajen masallaci, alhazai su saya su watsa wa tattabaru. In 'yan baladiyya, masu korar 'yan talla, suka ɓullo, sai ta tura ledojin cikin abaya ta fito da carbi, ta koma baiwar Allah mai jiran salla. Da wannan dabarar ta tsufa ba a taɓa kama ta ba.

Amma ba dabararta kaɗai ta tsare ta ba. A dutsenmu akwai wani bututun ƙarfe na ruwa da ya taso daga ƙasa ya ratsa gidaje. Duk wanda ya fara hango motar jawazat sai ya ɗauki dutse ya buga bututun, ƙarar ta hau sama, kowa ya san inda zai ɓuya. Ɗakin Inna shi ne na can ƙoli, bututun bai kai gare shi ba, ga kunnenta ya yi nauyi. Don haka sai wani ya taka ya buga mata ƙofa. Awwalu Ɗan'auta, mai tura tsofaffin alhazai a keke, shi ke ƙasa da ita, kuma shi ya ɗauki wannan aiki shekara da shekaru ba tare da an roƙe shi ba. A bugun ƙofar nan zaman Inna a Makka ya rataya.

Wata safiya a farkon zafi, bayan an sha iska mai ƙarfi, Inna ta fito shanya ta tarar da tsuntsu a bayan tankin ruwanta da ke kan rufi. Toka-toka ne, ƙafafunsa rawaya, bai fi tattabara girma sosai ba, fiffike ɗaya na ja a ƙasa. Da a ce iyakarsa ke nan, da ba wanda zai ji labari. To amma akwai zobe a ƙafarsa mai lambobi, a gadon bayansa kuma an ɗaura wani ɗan akwati kamar na ashana, da wani siririn ƙarfe a tsaye.

Kafin azahar rabin unguwa ta hallara a ƙofarta. Awwalu ya tsuguna ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya miƙe ya ce a rage murya, abin nan yana ji. A ganinsa hukuma ta gaji da hawa dutse, shi ne ta koma aiko tsuntsaye su ƙirga mata gidaje. Wata ta ce ai dama ta ga irinsa yana shawagi a unguwar da aka rushe bara. Ni ma da na iso na gani, sai zargi ya shige ni, don ruwa ba ya tsami banza. Me zai sa a ɗaura wa tsuntsu na'ura, kuma duk faɗin Makka ya rasa inda zai faɗi sai rufin wadda ba ta da iƙama, wato takardar zama?

Magani dai a fili yake: a murɗe masa wuya a farfasa akwatin. Sai dai muna cikin Harami, inda ba a kashe abin farauta, ba a ma firgita shi. Mutanen da suka bar ƙasashensu don su mutu a wuri mai tsarki, ba wanda zai so ya ɗauki wannan zunubi da hannunsa. Aka kira Malam Nu'uman, limamin ƙaramin masallacinmu. Ya gyara zama ya ce akwai 'yan abubuwa da aka halatta kashewa ko a Harami, daga cikinsu akwai hankaka da shirwa. Nan take idon kowa ya buɗe, tsuntsu ya zama shirwa. Har waɗanda aka haifa a Makka, da ba su taɓa ganin shirwa ta suri ɗan tsako ba, suka rantse ita ce.

Inna ta ce, "Ni na yi kiwon kaji kafin a haife ku. Shirwa wutsiyarta a tsage take. Wannan shaho ne, kuma baƙon Harami ne kamar kowa a nan."

Malam, wanda bai taɓa son a kama shi da magana ɗaya ba, ya ce to malamai sun yi saɓani, duk wanda ya kashe shi ya san da Ubangijinsa. Ba wanda ya matsa. Aka kawo shawarar a yanke igiyar akwatin a jefar, wani ya ce ai da an taɓa shi zai yi ƙara a ofis. A ƙarshe matar Awwalu ta kawo takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe kifi a gasa, aka naɗe bayan tsuntsun da ita, wai don kada magana ta fita. Awwalu ya sa Inna ta yi alkawarin ajiye shi cikin ɗaki, cikin duhu, har Allah ya yi masa yadda ya so. Kowa ya gane abin da ake fata.

Inna ba ta iya barin abu ya mutu a hannunta ba. Ta ɗaure fiffiken da tsinke da tsumma, ta riƙa sayen hantar kaza tana ba shi a baki, ita da ba kullum take cin nama ba. Da ta ga yana ta ƙoƙarin yage takardar har yana ji wa kansa ciwo, sai ta cire ta. Da ta ga yana rawar jiki a duhu, sai ta fara fito da shi hantsi a bayan tanki inda ba mai gani. Na ce mata tana wasa da wuta. Ta ce marar lafiya da rana yake warkewa, ko mutum ko tsuntsu.

Ina wurinta ranar da bututu ya yi ƙara. Farar mota ce mai tambari a ƙofa ta tsaya a gindin dutse. Kafin ka ce kwabo unguwa ta zama kufai, tukwane na kan wuta ba masu su. Awwalu ya hau da gudu ya buga ƙofar Inna kamar kullum, ya ce ta bi ta baya. Ta kalli shahon, ta kalli Awwalu, ta ce ƙafarta na ciwo. Ƙarya take yi, na sani. Ta gane wurin tsuntsun aka zo, kuma ta fi son a same shi a hannunta a kan a bi gida-gida ana nema.

Wata budurwa ce ta hawo, tana haki, waya a hannunta tana bin wani ɗigo a jikinta, wani saurayi na biye da ita da kwando. Na duba takalmansu, na roba ne masu tabon gishiri, ba irin na jawazat ba, amma ban saki jiki ba. Ta yi sallama ta ce sunanta Afnan, masu binciken dabbobi ne, suna aiki a tsibiran Farasan da ke cikin Bahar Maliya can kudu. Tana ganin shahon ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce mace ce, su suka ɗaura mata akwatin a bakin sheƙarta. Irin wannan shaho ya yi ƙaranci a duniya, a kan duwatsun tsibirai yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya matso ya ƙetare teku zuwa wani babban tsibiri da ake kira Madagaska, da zafi ya dawo. Suna bin hanyarsa ne don su san inda ake rasa shi. Wannan tana kan hanyar dawowa iska ta kwaso ta.

Inna ta saurara da fuskar da take sauraron 'yan baladiyya. Ta tambaya ko akwatin yana jin magana. Afnan ta yi dariya ta ce ba ya ji, ba ya gani, wurin da tsuntsu yake kawai yake faɗa. Sannan, cikin murna, da muryar da ta isa har bayan bangon Awwalu, ta ƙara da abin da ya kashe mu. Ta ce da rana akwatin yake aiki, ya yi shiru har sun fid da rai, sai kwatsam ya farfaɗo.

"Ya hala, da ba ki fito da ita rana ba, da ba mu taɓa sanin wurin nan ba," in ji ta. Hala da Larabci 'yar'uwar uwa ce, haka take kiran Inna.

Ta nemi sunan Inna don a sa a rahoto a yi mata godiya. Inna ta ce sunanta baiwar Allah. Afnan ta dubi ɗakin, ta dubi ƙofofin da ke rufe har ƙasa, ta mayar da wayarta jaka ba ta sake tambaya ba. Ni na ba ta lambata, tunda ni ba abin da za a yi mini. Suka sa shahon a kwando suka sauka.

Ba a kama kowa ba ranar, ba a kama kowa ba a watan. Amma bango ya riga ya ji. Aka ce Inna ta karya alkawari, ta kunna na'urar da hannunta. Aka ce an ga baƙuwar ta rungume ta, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa, ƙila iƙama aka yi mata alkawari. Mata suka daina aiko mata da ɗanɗano. In ta doso wurin ɗibar ruwa sai hira ta mutu. Na je na sami Awwalu na rantse masa a kan abin da idona ya gani, sai ya ce ni mai takarda ce, ba zan gane ba, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ji haushinsa ƙwarai, amma ban iya cewa mahaukaci ne ba, mutum ne mai 'ya'ya da ba su da ƙasar da za a mayar da su. Na roƙi Inna ta sauko Kudai wurina. Ta ce ɓoye marar takarda laifi ne babba, ba za ta ja mini ba.

Da aka zo aka shafa jan fenti a bangayen layin su Inna, alamar rusau, ba wanda ya tuna cewa an shafa wa unguwannin da ba su taɓa ganin shaho ba. Kowa ya ce ga shi nan.

Bayan hajji jawazat suka zo da gaske, da hantsi. Aka buga bututu, unguwa ta watse. Ba wanda ya taka sama. A zaune suka same ta a ƙofar ɗaki tana ƙulla alkama a leda. Ita kaɗai aka kama a layin, wadda aka ce ita ce 'yar hukuma. Ina shago labari ya iske ni, kafin in gama zirga-zirgar neman ganinta an ɗauki hoton yatsunta an sa ta a jirgi. Akwatinta ma ni na kwashe kafin a rushe ɗakin.

Da zafi ya zagayo Afnan ta kira ni, murya cike da farin ciki. Ta ce shahon ta warke, sun sake ta a Farasan, ta je Madagaska ta dawo, ga ta a kan dutsenta na da. Tana so ta zo ta nuna wa hala taswirar tafiyar. Na ce mata hala ta yi tafiya ita ma. Har a lokacin ina auna kowace kalma da nake gaya mata, kuma ban san ranar da zan daina ba.

Da yamma na kira Damagaram, wayar wani jikan ƙanen Inna da take zaune a gidansu, inda yara ke ce mata Balarabiya. Na ce zan ba wani alhaji likkafaninta ya kai mata. Ta ce in bar shi a nan, ko shi ya zauna. Sai na ba ta labarin Afnan, ina ɗaga murya saboda kunnenta.

"Kika ce ta koma? Wurin nata na da?"

"Ta koma, Inna."



"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ɗayarmu dai ta samu komawa."