Mabuɗi ɗaya, ƙofa uku

Shekarun baya, lokacin da idona ya fara gajiya, ina zaune ni kaɗai gidan mijina marigayi a Bungudu. Ƙofa uku gare ni: ta zaure, ta ɗakina, sai ta ɗakin ajiya inda babban ɗana ke jibge buhunan gero da dawa kafin ya kai su kasuwa Gusau. Mabuɗan nan duk kamarsu ɗaya a wurina. Sai in tsaya bakin ƙofa ina cusa wannan ina zare wancan, kamar ɓarauniya a gidana.

Na dami ɗana da ƙorafi, har ya ɗauko wani mai gyaran makulli daga Gusau. Mutumin ya kwance kubar ɗakina da ta ɗakin ajiya, ya zazzage 'yan ƙarafunan cikinsu bisa faranti, ƙanana kamar tsabar shinkafa. Ya ce, "Inna, wane mabuɗi kike son su bi?" Na miƙa mai na zaure, don shi hannuna ya saba da shi. Ya sake jera su, ya mayar. Mabuɗi ɗaya ya buɗe ƙofa uku. Ranar har guɗa na yi, ni da tsufana.

Abin da ba wanda ya tuna, mabuɗin zauren nan yana da ɗan'uwa a hannun maƙwabciyata. Tun rasuwar malam na ba ta shi. In gari ya waye ba ta ji motsin butata ba, sai ta buɗe ta shigo tana faɗin, "Ke tsohuwa, kin mutu ne in ɗauki tukwanen?" In ce, "Sai na ga bayanki."

Wata rana na tafi suna Nahuce, na bar kuɓewa a shanye, hadari ya taso. Maƙwabciyata ta buɗe zaure ta kwashe, ta rasa inda za ta sa. Sai ta gwada mabuɗin a ɗakin ajiya, ya buɗe. Da na dawo ta zo tana dariya tana ba ni labari, ɗana na zaune yana ji.

Ko ƙwaya ba ta ɓata ba. Amma da ta fita ya ce, "Inna, hatsin ga ba nawa ba ne ni ɗaya, akwai na mutane. In wani abu ya faru, mi zan ce musu?" Na ce a kira mai gyara ya mai da kubar yadda take. Ya ce to, zai duba. Ashe dubawar tasa, gidanta ya shiga. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya nemi mabuɗin. Ta kwance shi daga gefen zanenta ta ba shi, ta sa mai albarka.

Daga ranar, sai ta tsaya waje ta yi sallama, ta jira. Matar da ta yi mini wanka ina jego.

Na tayar da hankalin kowa har mai gyara ya dawo ya raba kubar ɗakin ajiya da ta zaure. Na ɗauki mabuɗin zaure da kaina na kai mata. Ta dube shi, ta naɗe mini yatsuna a kansa, ta ce, "Bar shi hannun masu gida. Ni ma idona ya fara gajiya." Ba faɗa, ba gaba. Muna gaisawa, muna aiken tuwo. Tukwanen nan dai ba ta sake tambayarsu ba.

Da ɗiyarta ta zo ɗaukarta zuwa Tsafe, ina bayan gida, zaure a kulle. Ina jin sallamar maƙwabciyata, ina jin direba na danna oda. Kafin in ja ƙafa in buɗe, mota ta sha kwana. Can ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ban ga laifin ɗana ba, amanar mutane ya tsare. Ita ma ban ga nata ba. Ni ce dai na nemi sauƙi, aka kuwa ba ni. Da na san abin da zai biyo baya, da na yi ta lalube bakin ƙofa har ƙarshen kwanana. Yanzu in na makara da safe, sai dai in tashi da kaina.