Man Birki a Famfon Sitiyari

Matata ta rasu ranar Lahadi, kuma ban iya kai ta gida a motata ba. Motar ta mutu da mu a hanyar Kachia, mun wuce Kamazou kaɗan, akwatin gawarta yana baya.

Ni direba ne. Ban yi makaranta ba. Na ja motar masaƙa a Kakuri har ranar da aka garƙame ƙofar, daga nan na sayi wata tsohuwar mota wagon ina jigilar mutane da kaya daga Sabon Tasha zuwa ƙauyukanmu. Gawa ma na sha ɗauka. Mutanenmu ba sa son a binne su a Kaduna. Ko mutum ya shekara arba'in a gari, idan ya mutu sai an mayar da shi ƙauye.

Gidanmu yana kusa da titi. Duk Juma'a da safe motocin gawa suna wucewa da jiniya, ita kuma sai ta toshe kunne. Takan ce mutum ya sha hayaniyar duniya har ya gaji, ya mutu ma ba za a bar shi ya huta ba. Da ciwon ya ci ƙarfinta a asibiti, ta kama hannuna.

"Baban yara, kai za ka kai ni," in ji ta. "A motarka, a hankali. Ba na son wannan ihun."

Na ce to. Ban taɓa yi mata wani alkawari da baki ba sai wannan.

Famfon sitiyarin motar ya fi shekara yana yoyo. Jan mai ne, yana ɗiga kaɗan-kaɗan a tsakar gida. Ita ce ta fara shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar don kada siminti ya ɓaci. Da safe sai ta jawo kwalin ta nuna mini, ta ce tsohuwar taka ta sake fitsarin kwance. Ni kuwa sai in ƙara mai in fita aiki.

Ranar Litinin na kai motar gareji. Bakaniken mutumin Filato ne, mun daɗe tare. Ya yi mini gaisuwa, ya buɗe murfin inji, ya goge famfon da tsumma, ya ce in tayar in murza sitiyari har ƙarshe. Na murza. Mai ya tsatso ta bayan fuli, faifan ƙarfen da bel ke juyawa. Ya ce sil ne ya mutu, wato zoben robar da ke tare mai. Aikin ba wuya: a cire bel, a kwance famfo, a zare tsohon, a buga sabo. Amma sil ɗin mota mai shekaru irin tawa babu shi a nan Sabon Tasha, babu a Trikania. Sai Panteka, wurin wani tsohon Alhaji da ke ajiye kayan tsofaffin motoci. Shi bakaniken yana da injin wani a kwance, ba zai motsa ba. Ya ce in je da safe, kafin rana ta yi tsaka na dawo, ya ɗaura mini.

Na ce zan je. Ban je ba.

Panteka tana ƙetaren kogi. Da can a wancan gefen muke zaune. Ranar da rikici ya tashi, da ƙafa muka ƙetare gada, ni da ita da yara biyu. Ƙanena yana bayanmu lokacin da muka fito daga unguwa. Da muka iso wannan gefen ba ya nan. Tun daga ranar ban sake taka gadar ba. Ba wanda ya san haka sai matata. Idan ana bukatar wani abu daga cikin gari, sai ta ɗaura zani ta ce tana da cefane a babbar kasuwa, ta sayo mini, ba ta taɓa cewa komai ba. Shekarar da ta kwanta ciwo ita ce shekarar da famfon ya yi yana yoyo.

Da na aiki wani, da an sayo. Amma sai an tambaye ni dalili, ni da nake da mota da ƙafafu. Direban da ya yi tafiyar dare a dajin da kowa ke tsoro, a ce gada ta gagare shi. Na ƙi.

Akwai wata dabara da muke yi a tasha. Idan sil yana yoyo, sai a zuba man birki kaɗan a cikin man sitiyari. Yana kumbura roba, yoyon ya tsaya. Kowane tsohon direba ya san wannan, kuma ya san ƙarshensa, domin robar ba ta daina kumbura sai ta ruɓe. Murfin gwangwani ɗaya ake zubawa. Ni na zuba rabin gwangwanin, don in tabbatar. Na ce kwana uku kawai nake nema.

Laraba da safe kwalin a bushe yake. Alhamis ma haka. Na wanke motar ciki da waje, na kwantar da kujerar baya, na shimfiɗa sabon zaninta na zumuntar matan coci.

Juma'a muka ɗauko ta daga mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti. Ni ne a gaba, ɗana babba a gefena. Bayana motar yayan matata, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda tun farko ya ce a ɗauki motar gawa kamar yadda masu mutunci ke yi. Bayansa bas ɗin matan coci, suna waƙa. Ina tafiya a hankali yadda ta ce.

Mun wuce Kamazou sai famfon ya fara kuka. Na san kukan. Sitiyari ya yi nauyi a hannuna kamar ana riƙe da shi ta ƙasa. Wannan bai dame ni ba, na ja manyan motoci da ƙarfin dantse. Sai na ji wani abu ya yi fat, allurar zafi ta fara hawa. Na gangara gefen titi. Sil ɗin ya fashe gaba ɗaya, mai ya wanke gaban inji, bel ɗin sitiyari ya zame ya naɗe na fanka ya tsinka shi. Ruwa yana tafasa a lagireto.

Matan suka daina waƙa. Yayanta ya fito ya tsaya kusa da ni, ya leƙa injin duk da bai san komai a ciki ba. Fasto ya duba agogo, ya ce an riga an haƙa kabari, ga rana tana ɗagawa, gawa ba ta jira. Yayan ya koma gefe ya buga waya. Ba a daɗe ba motar gawa ta iso. Da hannuna na kama kan akwatin muka mayar da ita ciki.

Muna hawa titi direban ya kunna jiniya. Na ce ya kashe. Ya ce idan ya kashe manyan motoci ba za su ba shi hanya ba, kuma mutanen ƙauye da ita suke sanin an iso.

"Ta ce ba ta so," na ce.

Yayanta, da ya bar motarsa ya shigo tare da mu, ya juyo daga kujerar gaba.

"Suruki, bar shi ya yi aikinsa. Naka aikin mun gani."

Na zauna kusa da akwatin, hannuna a kan murfi, jiniya tana ihu har ƙofar gidan ubana.

Bayan mako biyu aka jawo motar gareji. Da kaina na kwance famfon. Robar ta yi laushi kamar burodin da ya sha shayi. Bakaniken ya shinshina man, ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ma?"

Na naɗe tsohon sil ɗin a leda, na hau bas, na ƙetare gada. Ba abin da ya faru. Kogin yana nan, wasu suna wanki a bakinsa. Alhajin ya karɓi ledar, ya zazzage wani gwangwanin madara a kan benci, ya tsamo zoben. Bai kai faɗin tafin hannun jariri ba. Ya tambayi me ya sa idona ya faɗa, na gaya masa. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya miƙo mini ruwa. Kafin rana ta yi tsaka na dawo Sabo.

Muka wanke famfon da fetur, muka buga sabon sil, muka canza tiyo da sauran robobin da man birkin ya ci. Aka zuba sabon mai, na murza sitiyari hagu da dama har iska ta fita. Ko ɗigo ɗaya.

Yanzu ina Sabon Tasha, a gidan nan, ni kaɗai. Motar tana tsakar gida, sitiyarinta da yatsa ɗaya ake juya shi. Na daina ɗaukar gawa. Kwalin yana ƙarƙashinta a bushe, ban ɗauke ba.