Jarka Mai Toshin Totuwa

Gaisuwa ga manya da ƙanana, masu mota da 'yan tahiya ƙasa, tun daga Tsafe har Bungudu, har da ku masu karantawa ku wuce shiru! Nine dai Mamman Gingimari, direban da babu kamarshi. Kun daɗe baku jini ba. Jiya maƙwabcina yazzo yana kukan kuɗin asibiti, yat tuno man da nawa.

Lokacin Gusau bata daɗe da zama babban birnin jiha ba, ana tsakar wahalar mai. Ina ɗora buhun dawa a 'Yankuzo naji wani abu ya ɓullo man ƙasan mara.

Ƙaba! Ni da nike ɗaga buhu da hannu guda.

Na ɓoye don kunya, har randa na hwaɗi tasha ina amai. Yayana Sani yak kwashe ni sai wani asibiti a Gusau. Likita ya latsa yace, "Malam, hanji ya shaƙe. In ba'a yanka ba gobe, sai dai Allah."

Wallahi na tsorata.

Anka hwara: kuɗin kati, kuɗin gado, ƙarin ruwa, sahwar hannu, har zaren da za'a ɗinke ni. Sannan wani malamin asibiti yace sai mun kawo jarkar gas ta janareta, ko babu tiyata.

Sani yat tai garin Kekun Waje ya saida san nomana, ga damina ta kusa. Ya ciko jarkata, shuɗiya, wadda murhinta ya ɓata nike toshewa da totuwar masara.

Ku dakata. Wanda yak kai nan ya turo man katin waya, labari baya tahiya babu mai.

Anka yi aiki da rana tsaka, da wutar NEPA tar. Sani na waje, yace janareta ko tari bai yi ba. Ashe duk mai shiga tiyata ranan sai da yak kawo tashi jarka.

Na warke, na koma mota. Mai ya ƙare man bakin hanyar Tsafe, na tsaya wurin 'yan bumburutu. Mai saidawa ya jawo jarka shuɗiya.

Da totuwata a baki!

Nace, "Kai, ina ka samo wagga?" Yace, "Oga, daga asibiti aka kawo muna, mai kyau ne."

Gas ɗina na saya sau biyu. San nomana kuwa bai dawo ba, da hauya nayi noman shekaran nan, ga ɗinki a ciki.

Na gode Allah, na gode likitan, hannunshi da albarka. Sani, Allah biya ka.

Ku kuma, in abu ya ɓullo kada ku ɓoye. In ance ku kawo mai, ku tsaya a zuba gabanku, ku amshe jarkarku.