Iya da ƙarar ruwan sama

Na shiga ɗakin kakata a Dogo Nini, na tarar ta huda ƙwayar bitamin da allura tana ɗiga man a kunne.

Na matsa kusa na ɗaga murya: "Iya, haɗiya ake yi. Kuma likita ya ce bitamin ba ya dawo da jin da tsufa ya ɗauke."

Ta yi murmushi. "Ba surutunku nake nema ba, ɗan nan. Ƙarar ruwa a kan kwano nake marmari."

Da ruwa ya sauko da la'asar, na ɗora tafinta a jikin ƙofar langa-langa. Ta lumshe ido, tana jin bugun ruwan a tafinta.

"Ga shi nan," ta ce.

Ku fa, wane sauti za ku fi kewarsa?