Jelar Kifin Baba

Wata Asabar ce a watan Yuni, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ina tsaye a kicin ɗin gidanmu na unguwar Old Trafford da ke Manchester, da wuƙa a hannu, na fara zargin mahaifina. Ni ke gyara kifi duk ranar da ya dawo daga kogi. Mama ba ta son ƙarni, yayyena maza kuwa da sun ji ƙarar motarsa sai su tuna suna da ƙwallo. Ni ce zan shimfiɗa tsohuwar jarida, in farke ciki, in wanke da lemon tsami, in miƙa mata ta ɗora farfesu. A ranar na ɗaga kifin sai na ga jelarsa a cinye, gefenta ya goge kamar tsohuwar tsintsiya. Na duba na biyun, shi ma haka. Nan take na tuna inda na saba ganin irin wannan jela: a kan ƙanƙara, a babban kantin da muke cefane.

Baba injiniya ne, amma haifaffen Yauri ne, kuma ba ya bari kowa ya manta. Da ya zo ƙasar nan sai ya shiga wata ƙungiyar masu fatsa da ke da yanki a wani kogi can cikin tsaunuka, inda ake kama kifin da Turawa ke kira trout. Abokansa suka sa masa Sarkin Ruwa, shi kuma yana amsawa har da gyara zama. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a ci na da baki. Ko wasan ɓuya muke yi a filin makaranta, sai na tsaya na tabbatar mai ƙirga ba ya leƙe ta tsakanin yatsu. Mama takan ce, "Yarinyar nan idon ɗan sanda gare ta." To, idon nan na ɗora wa Baba. Na lura ko dai ya zo da biyu ko ya zo hannu sake, bai taɓa kawo uku ba, kuma kullum girmansu kusan ɗaya. Na samo littafi a laburaren makaranta, na ga hoton kifin da cikakkiyar jela da jajayen ɗigo a jiki. Na bincike bayan mota ko zan tsinci ledar kanti, na shinshina dogon takalminsa na roba. Laka dai akwai, amma na ce ai ko a bayan gidanmu akwai laka. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don mutumin da ke hana mu ƙarya ko da wasa shi nake gani yana shara ta duk mako.

Ana haka Kawu Bala, aminin Baba, likita a Birmingham, ya zo daga unguwarsu ta Handsworth da wasu abokansu biyu. Aka zuba musu farfesu a falo, Baba ya shiga ba da labarin yadda kifin ya ja zare har sandar ta lanƙwashe. Ni na kawo ruwan wanke hannu. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, da gurguwar Hausata ta 'yan Manchester na ce, "Baba, wannan fish ɗin fa na shop ne, na ga tail ɗinsa." Har littafin na ɗauko na nuna musu. Kawu Bala ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Ashe Sarkin Ruwan Kanti muke fama da shi." Mama ta ja ni kicin da kunne. Baba ya ajiye cokalinsa, kuma bai ƙara taɓa kwanon ba.

Asabar ta gaba, bayan sallar asuba, ya ce, "Uwata, sa takalminki," don sunan mahaifiyarsa na ci. Na zauna a bakin kogi na harɗe hannu, ina lura da aljihunansa. Ya shiga ruwa har gwiwa yana wurga ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu. Can wajen hantsi, a kan idona, ya fito da kifi mai cinyayyiyar jela sak irin wadda na nuna wa baƙi. Sai ya yi mini bayani a hankali. A tafkin siminti ake kiwon waɗannan, cunkoso ke goge musu jela, sannan a kawo su a mota a zuba a kogi. Su ne ƙungiya ta yarda a tafi da su gida, kuma ba a wuce biyu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna shirin tashi wani kifin ya kama ƙugiyar. Bai kai na farko girma ba, amma da ya shigo raga na ga hoton littafina da rai: jela cikakkiya, ciki ruwan man shanu, jajayen ɗigo suna sheƙi. Lokacin ba mu da waya mai hoto. Na riƙe rigar Baba ina roƙonsa mu tafi da shi, mu sa a firiji har Kawu Bala ya dawo ya gani da idonsa. Ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya ce, "Wannan a nan aka haife shi, Uwata. Ba zan kashe shi don Bala ya daina dariya ba." Ya riƙe shi a cikin ruwa har ya dawo hayyacinsa, sannan ya sake shi. Da yamma na kira Kawu a waya na zayyana masa komai. Ya ce, "To, an saya miki ice cream a hanya ke nan."

Sunan ya bi Baba. Abin da na ɓata a minti ɗaya na yi shekaru ina gyarawa a gidajen suna da tarukan Sallah, ana saurarena ana murmushi. Yanzu ni ma a Birmingham nake aure, Baba kuwa gwiwa ta hana shi shiga ruwa, sandunansa suna jingine a bayan ƙofa. Yaran yanzu ko me suka gani sai su ɗauka a waya, magana ta ƙare. Ni ba ni da shaida sai bakina, kuma shi ne ya jawo abin tun farko. Bara a wajen wani suna, jikan Kawu Bala, yaron da bai san mafarin zancen ba, ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Baba Sarkin Ruwan Kanti." Baba ya shafa kan yaron ya amsa lafiya lau. Ni ce na tashi na fita waje, don har yau ban iya jin sunan nan ba.