Marin da Ya Tsirar da Hannuna

Jiya a unguwar Malaz na ji warin fetur, sai Baba Injiniya ya faɗo min a rai. Tsohon jirginsa na sama mai kujera biyu da hannu ake tayar da shi, a murɗa farfela. Ni kuwa a intanet na koyi komai, ga rawar kai! Ran nan a filin jirage na murɗa ban duba makunni ba. Baba ya fizgo wuyan rigata, ya maka ni da ƙasa. Injin ya yi ruri, farfelar ta daddatsa hulata. Sai mari, bakina fal jini da yashi.

"Ɗan nan, hannu nawa gare ka?" in ji shi.

Ban taɓa gode masa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.